Amsa: Shin doka na hana kulob ƙaura zuwa wani birni a Amurka?

Malam, ka tambaya ko mai kulob zai iya kwashe ƙungiyarsa ya koma wani gari yadda ya ga dama. Babu dokar tarayya da ta hana shi kai tsaye.

Babban takunkumin shi ne yarjejeniyar hayar filin wasa. Seattle SuperSonics, kulob ɗin ƙwallon kwando, sai da suka biya birnin Seattle dala miliyan 45 a 2008 kafin su koma Oklahoma City, don wa'adin hayarsu bai cika ba.

Sai ƙuri'ar masu kulob-kulob. A gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka (American football), ana buƙatar amincewar 24 cikin 32. Amma wannan sharaɗin ba shi da ƙarfin da ake zato: lokacin da suka hana kulob ɗin Raiders barin birnin Oakland, mai kulob ɗin, Al Davis, ya maka su a kotu bisa dokar hana babakere a kasuwa, ya yi nasara, ya koma Los Angeles a 1982. Tun daga nan suke taka-tsantsan.

Birnin da aka bari ma yana iya kai ƙara. Bayan kulob ɗin Rams ya bar St. Louis ya koma Los Angeles, St. Louis ta zargi NFL da karya ƙa'idojin ƙaurar da ita kanta ta rubuta, aka sasanta a 2021 kan dala miliyan 790. Kuɗi ta samu, Rams kuwa suna can Los Angeles.