Yaron da ya sha wahala tun yana goye

Tambaya: Malam, ina riƙon ɗan ƙanwata da ta rasu ta bar shi yana jariri. Sai da ya zaga hannuwa da yawa kafin ya iso wurina. Yanzu ko ƙofa aka buga sai ya firgita. Ɗana da ke karatu a Samaru ya ce an gwada a kan ɓeraye, wahalar jarirantaka tana taɓa ƙwaƙwalwa. Haka yaron nan zai tashi ke nan?
Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan ƙanwarki, ya saka miki. Ɗanki ya faɗi gaskiya, amma da sauran bayani.

Masu bincike kan raba 'ya'yan ɓera da uwarsu awa uku kullum a makonni biyu na farko. Wata mai bincike a Kalifoniya, Tallie Baram, kuwa shimfiɗa kawai take rage wa uwar, sai ta rasa sukuni, tana shiga tana fita, renon ya zama ba tsari. Irin waɗannan 'ya'ya kan girma da raunin tuna abu, wasu da saurin tsoro, kuma rassan jijiyoyi a hifokamfus, sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe abin da aka koya, sukan ragu.

Abin da nake so ki riƙe ya fito ne daga Jami'ar McGill a Kanada. Michael Meaney da abokan aikinsa sun lura cewa uwar da ke yawan lasar 'ya'yanta tana tayar da ɓeraye masu natsuwa. Sai suka yi musanya, suka ɗauki jariran uwa mai ƙarancin lasa suka ba mai yawan lasa. Jariran suka tashi da natsuwar wadda ta rene su. A 2004 suka nuna dalili: lasar tana sauya wata alama a kan ƙwayar gadon da ke taimaka wa jiki ya sauke sinadarin fargaba bayan firgici ya wuce.

Wannan musanyar da zarar an haihu aka yi ta, naki kuwa ya ɗan tasa. To, ko ɓerayen da aka riga aka yaye, da aka sa su a babban keji mai abin wasa da 'yan'uwa, tsoronsu ya ragu sosai, duk da ba komai ne ya koma daidai ba. Ɓera ba mutum ba ne, amma a Romaniya ma yaran gidajen marayu da aka ba iyalai riƙonsu kafin su kai shekara 2 sun fi murmurewa.

Don haka ina roƙonki, kada a sake yawo da shi gida-gida, ko da dangin uba sun matsa. Ki goya shi, ki shafa masa mai da hannunki bayan wanka, abinci da barci su zama a kan lokaci. In ya firgita a ɗauke shi, kada a yi masa tsawa. Idan ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalmomi biyu, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ki kai shi sashen yara na asibitin koyarwa da ke Shika a duba shi, har da kunnensa.