Tambaya da Amsa: Firoksin Layin Waya, a Biya Giga-Giga ko a Ɗauki Haya ta Wata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina yi wa wani kamfanin tufafi aikin duba tallace-tallacensu a intanet, kuma suna so in riƙa ganin tallan kamar yadda mai waya a Ingila yake ganinsa. An ce in sayi firoksin layin waya. Da na shiga shafin masu sayarwa sai na tarar da tsari biyu: wani ana biya kan kowace giga, wani kuma kuɗin wata ne, wai data ba iyaka. Wanne ya fi sauƙi? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a je ga kuɗi, bari mu fayyace abin da za ka saya. Firoksi ɗan tsakani ne. Buƙatarka takan tashi daga kwamfutarka a Mabera, ta je wata na'ura mai ɗauke da layin waya a Ingila, daga can ta wuce zuwa shafin da kake nema. Shafin ba ya ganin adireshin IP naka, wato lambar da ake gane na'urarka da ita a intanet, na wancan layin yake gani. Abin da ya sa na layin waya ya fi sauran tsada shi ne kamfanonin sadarwa kan haɗa mutane masu yawa a kan adireshi ɗaya, don haka shafuka ba sa saurin toshe shi, gudun kada su kori masu gaskiya tare da mai laifi.

Amsar tambayarka tana cikin datar da kake ci, ba cikin tallan mai sayarwa ba. Auna ta tukuna. Buɗe Chrome a kwamfuta, danna F12, shiga sashen Network, ka sa alama a Disable cache, sannan ka buɗe ɗaya daga cikin shafukan da kake dubawa. A can ƙasa za ka ga nawa aka sauke. Yi haka da shafi biyar ko shida ka ɗauki tsaka-tsaki. Shafi na yau da kullum kan ci mega 2 zuwa 3, mai hotunan kaya da yawa ya fi haka.

Ga lissafin. A ce shafi 60 kake dubawa a rana, kowanne mega 2.5, ka ci mega 150. Kwanakin aiki 26 sun ba da giga 3.9. Ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda shafukan da za su maƙale ka sake buɗewa, domin wanda ya sauko rabi ya tsaya ma ana cire maka datarsa. Ka tashi da giga 5 da 'yan kai. To, a ɗauka, don misali kawai, ana sayar da giga ɗaya dala 5, haya ta wata kuma dala 60. Raba 60 da 5, ka sami 12. Muddin ba ka kai giga 12 a wata ba, biyan giga-giga ya fi maka araha: dala 25 ko 26 maimakon 60. Sa farashin da ka gani da idonka a gurbin waɗannan, lissafin bai canza ba.

Inda ake shan kashi shi ne bidiyo. Awa ɗaya ta bidiyo mai kyan hoto tana iya lashe giga guda ko fiye. Idan tallan da kake dubawa na bidiyo ne, tsarin giga zai zame maka rijiya gaba dubu, gara hayar wata. Kuma kada ka ɗora firoksin a kan kwamfutar gaba ɗaya. Windows za ta sabunta kanta ta cikinsa, WhatsApp na kwamfuta ya sauke duk bidiyoyin zauren 'yan uwa, ka wayi gari giga biyar ta ƙare ba ka duba talla ko ashirin ba. Ware masa burawza guda. Firefox tana da saitin firoksi nata na kanta, wanda ba ya shafar sauran manhajoji.

Shi kuma "ba iyaka" ɗin nan, a karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Layin waya ne a cikin modem, wato na'urar nan mai ɗauke da layin, kuma kamfanin layin yana da nasa ƙa'idar. Sau da yawa idan ka kai wani adadi sai a rage gudu. Tambayi mai sayarwa a rubuce: a giga nawa ake rage gudu, kuma modem ɗin naka ne kai kaɗai ko kuna da yawa a kai? Idan kuna tarayya, ɓarnar da wani ya yi da adireshin tana iya sa a toshe ka.

Abu biyu kuma da sababbin shiga kan manta. Na farko, gigar da ba ka cinye ba, a wurare da yawa mutuwa take yi a ƙarshen wata, saboda haka rangwamen sayen giga 50 ba riba ba ne ga mai cin biyar. Na biyu, firoksi ba ya maye gurbin datarka. Duk megar da ta bi ta Ingila sai ta sake bi ta layinka na MTN ko Airtel kafin ta iso gare ka. Biya biyu kake yi, ɗaya da dala, ɗaya da naira.

Mu dai, da aikin da ka kwatanta, mafi ƙanƙantar tsarin giga za mu ce ka fara da shi, ko gwajin kwana ɗaya idan suna bayarwa. Ka kashe sabunta biyan kuɗi ta kai tsaye tun ranar farko, kada a zare maka dala daga kati alhali aikin ya ƙare.

TAMBAYA: Ni ina kula da shafukan Facebook da Instagram na 'yan kasuwa huɗu, masu atamfa da turare. Wata ƙawata ta ce sai na sayi firoksi mai juya adireshi, in ba haka ba za a rufe min su. Gaskiya ne? Daga wata 'yar'uwa a Arkilla.

AMSA: Hajiya, riƙe kuɗinki. Aikin da kike yi ba ya buƙatar firoksi. Kowane ɗan kasuwa ya ba asusunki izinin kula da shafinsa ta Meta Business Suite, ki riƙa shiga da asusunki guda ɗaya, na gaskiya. Hanyar da kamfanin da kansa ya tanada ke nan, kuma kyauta ce.

Shawarar ƙawar taki ma ita ce ke iya jawo abin da kike gudu. Firoksi mai juyawa yana canza adireshi bayan 'yan mintuna, wani ma a kowace buƙata. An yi shi ne don masu tattara farashin kaya daga shafuka da yawa, waɗanda ba sa shiga asusu. Asusun da aka saba gani daga Sakkwato, yanzu ya ɓullo a wannan gari, bayan minti biyar a wancan, kama yake da wanda aka sace, nan take za a nemi ki tabbatar da kanki ko a kulle shi. Wanda aikinsa ya tilasta masa shiga asusu ta firoksi, mai tsayayyen adireshi yake nema, ya kuma tambayi minti nawa adireshin ke zama kafin ya sauya. Na kyauta kuwa da ake rabawa a Telegram, kada ki kusance su da kalmar sirrin kowa.

TAMBAYA: Ina da tsohuwar wayar Android da layi na ajiye. Zan iya haɗa firoksi da kaina? Har wani ya ce zai riƙa biyana in bar shi ya yi amfani da shi. Daga wani ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

AMSA: Za ka iya, ɗan'uwa, amma adireshin Najeriya kawai za ka samu, tunda a nan layin yake. Yana da amfani ga mai gwada manhaja da yake so ya ga yadda take aiki a kan Glo ko Airtel. Wahalar ita ce ba a iya shigowa wayar kai tsaye daga waje, saboda haɗa mutane a adireshi ɗaya da muka ambata a sama. Dole sai da manhaja mai haɗa wayar da wata kwamfuta ta tsakiya, kuma yawancinsu kuɗin wata suke karɓa. Canza adireshi ba wuya: a kunna yanayin jirgin sama na 'yan daƙiƙu a kashe, galibi sabo zai zo.

Sai ka sa zafin garin nan a lissafi. Waya a jone da caja dare da rana, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, gudunta zai ragu kuma batirin na iya kumbura. Cire mata riga, ajiye ta inda iska ke ratsawa, ban da bakin taga. Ga ɗaukewar wuta: da wayar ta mutu firoksin ya mutu.

Maganar ba wani haya kuwa, a'a. Layin nan da lambar NIN ɗinka aka yi masa rajista. Idan mai hayar ya damfari wani ta cikinsa, sawun da masu bincike za su bi ƙofarka zai kawo su, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan tana aiki. Masu damfara sun san darajar adireshin mutumin kirki, shi ya sa suke nemansa. A watan Mayun 2024 hukumomin Amurka sun rushe wata hanyar firoksi mai suna 911 S5, wadda ta yi amfani da adireshi sama da miliyan 19 na kwamfutocin mutanen da ba su ma san ana haya da su ba, yawancinsu ta manhajojin VPN na kyauta aka shiga musu. Wanda ya yi maka tayin, tambaye shi aikin me zai yi da layin, da kuma abin da ya hana shi amfani da nasa.