Tambaya da Amsa: Da gaske tsohon injin wanki ya fi sabo ƙarko?

Tun da damina ta kankama saƙonnin da ke shigo mini suka koma na wanki da shanya. Na zaɓi huɗu, domin sauran ma kusan abu ɗaya suke tambaya.

Assalamu alaikum. Ni uwar 'ya'ya biyar ce, wanki ya fara taɓa mini baya. Maigida ya ce in zaɓa tsakanin sabon inji na roba mai tukunya biyu da wani ɗan Beljiyam mai ƙofa a gaba da ya gani a Sabon Gari, kuɗinsu kusan ɗaya. Mai shagon ya ce masa na da sun fi ƙarko, na yanzu kwali ne. Haka ne? (Uwargida daga Hotoro, Kano)

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya zuri'a, ya ba ki lafiya. Mai shagon gaskiya ya faɗa, sai dai ba a kan hajarsa ba. Injin zamanin da daban, injin da ya gaji daban.

Injinan da ake yabo su ne na shekarun 1970 da 1980, irin waɗanda kamfanin Maytag ya ƙera a garin Newton na jihar Iowa a Amurka. Idan aka buɗe cikinsu ba a ganin wani abin mamaki: kwayil, bel, famfon fitar da ruwa, sai taima da ake murɗawa da hannu tana ƙas-ƙas har ta dawo sifili. Duk abin da ya lalace ana ganinsa da ido, a cire a sa wani. Shi ya sa har gobe akwai Amurkawan da ke neman su ido rufe, su gyara su ci gaba da wanki. Ko su ɗin ma, waɗanda suka yi tsawon rai muke gani. 'Yan'uwansu da suka mutu tun suna shekara bakwai sun daɗe a bola, babu mai ba da labarinsu.

Wanda maigidanki ya gani ba sa'ansu ba ne. Mafi yawan 'yan Beljiyam da ke kasuwanninmu ba su da wannan tsufan, injinan zamani ne da suka yi wa wani gida aiki a Turai har aka gaji da su. Suna da fanel mai ƙwaƙwalwa, shi kuwa fanel ba ya shiri da wutarmu. A ɗauke ana tsakiyar wanki, a dawo da ita da ƙarfi, sai ki ji ƙauri. Suna kuma buƙatar ruwa mai ƙarfi daga famfo. Idan tankinku bai yi sama sosai ba, injin zai yi ta jiran ruwa har ya gaji ya tsaya, ƙofa a kulle, kayan makarantar yara a ciki. Ga hita mai jan wat wajen 2,000, wadda ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba.

Ni ma na taɓa shiga wannan rami. Na sayi ɗaya fari tas, ko ƙwarzane babu, a wani shago da ba sai na kama suna ba. An kunna mini, fitila ta kama, ganga ta juya sau biyu, na biya. Wata huɗu ya yi lafiya. Daga nan idan ya zo matse kaya sai ya riƙa ruri kamar jirgi zai tashi, har maƙwabciyarmu ta aiko yaro ya tambaya ko injin niƙa muka sa. Mai gyara ya zo, ya tura hannu ya ɗaga gangar, ta yi ƙwal-ƙwal, ya ce boris ne. Na ce to a canza. Ya kwance baya ya nuna mini: tukunyar robar da boris ɗin ke ciki a liƙe take ruf, babu ƙusa ko ɗaya da za a kwance. Haka kamfanoni da dama suke yin su yanzu. Ko a sayi tukunya sukutum, ko a yanka da zarto a liƙe da gam a yi ta addu'a. Yau shekara biyu ke nan yana bayan ɗaki, ana ɗora masa bokiti.

Abin da mai shagon bai gaya muku ba shi ne, shi wannan na robar da ya raina, shi ne mai tsarin na da. Tun ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Hoover ke sayar da inji mai tukunya biyu a Ingila, kuma har yau tsarin mai sauƙi ne: kwayil biyu, bel, taima. Babu fanel. Ruwa da bokiti za ki zuba. Galibinsu ba sa wuce wat 500, don haka ƙaramin janareto ko inbata mai ɗan ƙarfi za su ja shi. In an ɗauke wuta ki buɗe murfi ki kwashe kayanki. Ruwan omo ɗaya zai wanke farare, sannan masu kala, sannan tsummoki. In ya lalace, mai gyaran fanka na bakin titinku zai iya da shi.

Yana da nasa aibun. Sai kin tsaya a kansa, ki kwashe daga wannan tukunya ki zuba a waccan. Robarsa ba ta son rana, tana bushewa ta tsage, ɓeraye kuma na son shiga ta ƙasa su ci waya. Ki ajiye shi a inuwa, a kan dakali ko katako. Ni dai shi zan ce ki ɗauka.

In kuwa maigida ya kafe a kan ɗan Beljiyam, kada a yi cinikin biri a sama. A zuba ruwa a shagon, a sa tsofaffin tawul, a bar shi ya yi wanki har ya matse. A juya gangar da hannu a saurara, gurnani alamar boris ne. A leƙa baya a ga ko akwai zanen tsatsa da ya gangaro daga tsakiya. A ja robar bakin ƙofa a duba tsaga. Idan aka dace da Miele na Jamus mai lafiya, wannan wata magana ce, domin kamfanin ya ce yana gwada injinansa a kan aikin shekara 20, amma kayan gyaransa tsada, kuma samun su sai an sha yawo. Sitabilaiza dole ne.

Malam, yayana da ke Amurka ya sayi gida ya tarar da tsohon Maytag da injin busar da kaya a ciki, suna aiki garau. Ya ce zai sako mini su a kwantena in biya kuɗin dako da fito. In karɓa? (Wani matashi daga Zariya)

Ɗan'uwa, ka yi masa godiya, ka ce ya riƙe su, ko ya sayar a can ya turo maka kuɗin. Zai ma sami mai saye, domin tun da kamfanin Whirlpool ya saye Maytag a 2006 aka rufe masana'antar Newton, tsofaffin suka ƙara daraja a wajen masu son su.

Injin ba shi da laifi, ƙasar da aka yi shi dominta ce ba irin tamu ba. Wutar soket a Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Za ka ce ai akwai tiransifoma mai rage wuta. Akwai, amma ba ta gyara matsala ta biyu: wutarsu tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Kwayil ɗin da aka ɗaura don 60 idan ya sha 50 gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, ya riƙa ɗaukar zafi, ita ma taima ta riƙa jan ƙafa. Zai yi aiki, amma ƙarkon da kake kwaɗayi shi ne abu na farko da zai tafi.

Sai ruwa. Waɗannan injina masu sanda a tsakiya cika tukunya suke yi fal, sau ɗaya don wanki, sau ɗaya don ɗauraya, wajen lita 150 a zubi guda. Jarka shida ke nan ta 'yan ga-ruwa. Na zamani mai ƙofa a gaba yana yin wannan aikin da kimanin lita 50. Wankin tsohon yana fita ƙal, ban musa ba, kuma cikin minti 40 ya gama, amma da yalwar ruwa yake wannan bajintar. In kana da rijiyar burtsatse a gida da sauƙi. In kura ake turo maka, lissafa da kanka.

Shi kuwa na busarwar, hitarsa kaɗai tana jan wat wajen 5,000, a can ma layinsa daban ake ja masa. Kuma ranar da wata 'yar roba ta mutu a cikinsa, sai ka jira wani ya taho daga Amurka.

Ina da shagon wanki da guga. A watan Agusta kaya kan kwana biyu ba su bushe ba, masu kaya na ta ƙorafin wari. Na ga injin busarwa na hannu da araha. Ya kake gani? (Mai wanki daga Kaduna)

Maigida, Allah ya sa albarka a sana'a. A duk kayan gida, injin busarwa ne ya fi sauƙin ciki: ganga, bel, fanka, hita, da abin da ke kashe hitar idan zafi ya yi yawa. Saboda haka tsohonsa yana busarwa daidai da sabo, ba a nan gizo ke saƙa ba.

Na farko kuɗin wuta. Na Turai mai hura iska waje yana jan wat wajen 2,500, zubi ɗaya na kayan auduga zai ci maka yunit uku zuwa huɗu. A watan Afrilun 2024 da aka kai farashin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, wannan ya kama naira 700 zuwa 900 a zubi guda, ban da wutar guga. A janareto kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Ka duba ko kuɗin da kake karɓa a kan riga zai ɗauki wannan.

Na biyu ya fi tayar mini da hankali: gobara. Ɓurɓushin zare da ke fita daga tufafi yana taruwa a ciki, in ya taɓa hita sai wuta. A ƙarshen 2015 kamfanin Whirlpool ya sanar a Birtaniya cewa miliyoyin injinan busarwa masu sunan Hotpoint da Indesit da Creda, waɗanda aka ƙera tsakanin 2004 da 2015, suna da wannan haɗarin. A watan Agustan 2016 ɗaya daga cikinsu ya tayar da gobara a wani dogon bene a unguwar Shepherd's Bush ta Landan, kuma a 2019 aka yi kiran a dawo da waɗanda ba a gyara ba. To ka tuna daga ina kayan gwanjonmu ke fitowa, kuma masu shekara nawa ne. Waɗanda aka gyara an liƙa musu koriyar takarda a bakin ƙofa ko a baya. Ka ga ɗaya daga sunayen nan uku babu wannan alama, ka wuce, ko kyauta ne.

Kowane iri ka saya, a kwance shi a share cikinsa kafin a fara aiki, a riƙa cire rariyar zare bayan kowane zubi, a fitar da bututun iska waje, kuma kada a kulle shago a bar shi yana juyi. Kayan da fetur ko man girki ya jiƙa kada su shiga ciki.

Amma kafin ka kashe kuɗin, gwada wannan. Kayanka na kwana biyu ne saboda da hannu ake matse su. Tukunyar matsewa ta inji mai tukunya biyu tana juyi fiye da sau 1,000 a minti, cikin minti biyar ta fitar da ruwan da ƙarti biyu ba za su iya ba, da wutar da ba ta kai wat 200 ba. Ka matse a nan, ka shanya a rumfa, ka sa fanka ta hura. Yawancin yadi zai kai ga guga a ranar. Injin busarwa sai ka bar wa tawul da bargo da jins, wata biyu a shekara. Sauran watannin, ranar Kaduna ba ta karɓar ko kwabo.

Mahaifiyata ta bar mini tsohon injinta mai murfi a sama, yana aiki. Zan iya wanke shaddar maigida da manyan rigunansa a ciki? (Amarya daga Maraɗi)

Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Injin ki riƙe shi da kyau, ki canza masa tiyo da bel tun kafin su ba ki kunya, domin roba ce ke fara mutuwa a tsohon inji, ba ƙarfe ba. Amma shadda kada ta shiga. Sandar tsakiyar nan murza kaya take yi da ƙarfi, za ta kashe ƙyallin galila tun wankin farko, ta ja zaren aikin wuya ta tattare shi. Zannuwan gado, labule, tawul, kayan yara, duk ki ba shi. Shadda da babbar riga mai aiki a wanke su da hannu a ruwan sanyi, a shanya a inuwa, a kai wa masu bugu.