Haƙorana na tsuka idan na sha ruwan sanyi, ko abinci ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Da na kurɓi ruwan sanyi sai in ji kamar an soka mini allura a haƙora, nan take kuma ya wuce. Ba ni da kogon haƙori. Kullum da safe ina shan ruwan ɗumi da lemun tsami, sannan in goge baki. Ko abinci na da hannu?

AMSA: Wa alaikis salam, Malama. Yana da hannu, kuma wannan lemun tsami na safe shi muka fi zargi.

Haƙori na da farin ɓawo mai tauri a waje. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ƙananan kafofi cike da ruwa, waɗanda suka nufi jijiya. Idan ɓawon ya zaizaye, sanyi ko zafi ko zaƙi sai su motsa ruwan nan, jijiya ta amsa. Allurar da kike ji ke nan.

Tsami ne ke cin ɓawon. A ma'aunin tsami da ake kira pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai ƙarfi, ɓawon yana fara narkewa daga 5.5 zuwa ƙasa. Ruwan lemun tsami yana tsakanin 2 da 3, lemun kwalba baƙi kusan 2.5, kuma wanda aka rubuta wa "babu sukari" ma tsaminsa na nan daram. Yawan maimaitawa ya fi yawan abin da aka sha ɓarna: kwalba ɗaya da ake kurɓa kaɗan-kaɗan tsawon yini ta fi wadda aka shanye tare da abinci illa, domin miyau bai samu sukunin wanke tsamin ba.

Babban kuskuren shi ne sa buroshi nan take. A lokacin ɓawon ya yi laushi, sai buroshi ya kankare shi, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Ki goge baki kafin ki sha, ko ki kurkure da ruwa zalla ki jira minti 30 zuwa 60. Ki sha da tsinken roba don kada ya wanke haƙoran gaba. Madara ko cuku bayan abu mai tsami suna taimakawa.

Ki nemi buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon) 1,350 zuwa 1,500 ppm, wato ma'aunin yawansa a cikin man, wanda ke ɗauke da potassium nitrate (sinadarin da ke kwantar da jijiya) kashi 5 cikin 100. Sau biyu a rana, ki tofar, kada ki kurkure. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu ake jin sauƙi.

Idan haƙori ɗaya ne tak ke ciwo, ko zogin ya daɗe bayan sanyin ya wuce, ko yana tashin ki cikin dare, ki ga likitan haƙori: wataƙila tsagewa ce ko kogon da ido bai gani ba. Haka ma idan kina yawan ƙwannafi ko amai, domin tsamin ciki na cin haƙora ta bayansu.