Ƙurajen Jariri da Zargin Abinci: Me Za a Saya, Me Za a Bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da wata huɗu, kuma nono kawai yake sha. Tun shigowar hunturu kumatunsa suka yi kaushi, fatar ta yi duhu tana ɓarewa, yana goga fuska a jikina yana kuka da dare. Surukata ta ce fura da nono da nake sha ne suka jawo, maƙwabciyata ta ce ƙwai ne da gyaɗa, har na bar su duka. Mai kemis kuma ya nuna mini wata madarar gwangwani da aka rubuta babu laktos a cikinta, ya ce in koma ba shi ita. In saya? (Daga wata uwa, Ƙofar Marusa, Katsina)

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ki saya, 'yar'uwa, kuma kada ki raba yaron da nono. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon bushewar fata mai ƙaiƙayi da likitoci ke kira egzima, wanda a jarirai yakan fara daga kumatu da goshi da bayan hannuwa da ƙafafu, ya bar wurin kunzugu lafiya. A baƙar fata bai cika yin ja ba, sai dai wurin ya yi duhu ko toka-toka. Asalinsa rauni ne a fatar kanta, mafi yawa na gado, musamman a gidan da ake fama da asma ko yawan atishawa. Fatar irin wannan yaro kamar yaɓen ɗakin da ya tsattsage take: danshi yana fita, ƙura da sabulu da turare suna shiga. Iskar hunturu ta Katsina kaɗai ta isa ta tayar da shi ba tare da an ci komai ba. Ko a cikin jariran da ciwon ya yi wa tsanani, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne ake samu da borin abinci na gaskiya.

Saboda haka kuɗin farko a kan fata ya kamata a kashe shi. Ki sayi basilin fari marar ƙamshi, babban gwangwani, ki riƙa shafa masa da kauri sau uku ko huɗu a rana, musamman da zarar an fito daga wanka jiki bai gama bushewa ba. Wankan ya zama sau ɗaya a rana, da ruwa mai ɗan ɗumi wanda gwiwar hannunki za ta jure, kada ya wuce minti goma, babu soso, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin ruwan, babu sabulu mai ƙamshi. A sa masa rigar auduga kafin rigar sanyi, a ɗauraye kayansa har kumfa ya fita gaba ɗaya, a yanke masa farce, a nisantar da shi daga hayaƙin turaren wuta. Man gyaɗa da man shanu kuwa kada su taɓa fatar da ta tsage, domin bincike ya nuna cewa ta fatar da ta yi rauni jiki yakan fara ɗaukar abinci a matsayin abokin gaba.

Akwai kuma mayukan bututu da ake sayarwa a kemis da sunan maganin kowace irin cutar fata, waɗanda wasu iyaye har gauraya su suke yi da man shafawar jariri. Ki duba jikin kwalin. Idan kika ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, ki ajiye. Magunguna ne masu ƙarfi waɗanda za su goge ƙurajen cikin kwana biyu, amma yawan amfani da su yana siranta fatar jariri, yana ɗashe ta, yana kuma ratsawa cikin jini. Idan ana buƙatar irin wannan magani, likita ne zai rubuta mai sauƙi, kamar hydrocortisone mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, na kwanaki ƙididdigaggu. Ina ba ki shawarar ki kai shi sashen yara na Asibitin Turai 'Yar'aduwa ko na Asibitin Koyarwa na Tarayya a duba shi, domin ƙazuwa da makero su ma sukan rikita ido, kuma maganinsu daban ne. Idan wurin ya fara tsatsafo da ruwa, ko ya yi ɓawo ruwan ɗorawa, ko zazzaɓi ya shiga, kada a kwana.

Madarar da aka nuna miki ba ta wannan matsalar ba ce. Laktos sukari ne da ke cikin kowace madara, kuma nonon uwa ma ya fi na saniya yawansa. Wanda cikinsa bai iya narkar da shi ba yakan yi kumburin ciki da tusa da gudawa mai ruwa, ba ƙuraje ba, kuma a jarirai yawanci abu ne na ɗan lokaci bayan an yi fama da gudawa. Abin da ke tayar da borin fata shi ne furotin na madarar shanu, wanda yake nan cif a cikin madarar da aka cire wa laktos. Madarar akuya ma ba mafita ba ce, domin furotin ɗinta ya yi kama da na saniya ƙwarai, ta waken soya kuma ba a ba da shawararta ga yaron da bai kai wata shida ba. Akwai madara ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta, mai tsada, wadda likita ke rubuta wa yaron da ba ya samun nono kuma aka tabbatar yana da borin. Ɗanki yana samun nono, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi kaɗai ya ishe shi har wata shida.

Yaushe ne za a zargi abincin da kike ci? Idan an yi mako biyu zuwa huɗu ana kula da fata yadda ya kamata amma babu sauƙi, ko kuma akwai wasu alamu tare da ƙurajen: amai mai yawa, gudawa da ta ƙi tsayawa, zaren jini ko majina a kashi bayan an tabbatar ba atini ba ne, ko nauyinsa ya tsaya a katin awo. A nan sai a yi gwaji da sanin likita, kuma abu ɗaya ake cirewa, galibi madarar shanu da duk danginta, wato nono da kindirmo da man shanu da madarar shayi da biskit ɗin da aka yi da madara, na tsawon mako biyu zuwa huɗu. Daga nan sai a koma ci. Wannan komawar ita ce ainihin gwajin, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa, domin ciwon yakan lafa ya tashi da kansa. Idan an bari ya lafa, an koma ya dawo, to an sami mai laifi. Idan babu bambanci, an wanke madara daga zargi.

Ke da kika bar abinci huɗu a lokaci guda, ko da fatar ta yi kyau ba za ki san wanne ne ba, ga shi kin rage wa jikinki abin gina shi a lokacin da kike shayarwa. Ki koma cin ƙwai da gyaɗa, ki sha furarki. Surukarki kuwa tausayin jikanta ne ya sa ta magana, don haka idan hali ya yi ku tafi asibitin tare ta ji daga bakin likita.

Tambaya: Na ji ana wani gwajin jini da ke nuna duk abincin da jikin yaro ba ya so. 'Yata mai wata tara tana fama da ƙaiƙayi, kuma a shirye nake in kai ta har Kano ko Abuja. Ya dace in biya? (Daga wani magidanci, Daura)

Amsa: Malam, a riƙe kuɗin tukuna. Gwajin da ake tallatawa mai jera abinci da yawa, wanda ke auna wani sinadarin garkuwar jiki da ake kira IgG, ƙungiyoyin likitocin borin jini na Turai da Amurka sun ce ba ya nuna cuta, abin da yake nunawa kawai shi ne cewa jiki ya taɓa haɗuwa da abincin. Gwaje-gwajen da aka amince da su biyu ne, na ɗan soka fata da na auna wani sinadarin garkuwar jiki mai suna IgE a jini, kuma su ma sukan nuna akwai bori alhali yaro yana cin abincin lafiya lau, musamman mai ciwon fata. Amfaninsu shi ne tabbatar da zargi a kan abinci ɗaya ko biyu da aka ga alamarsu, ba farauta a duhu ba. Abin da ya fi muku amfani yanzu shi ne littafin rubutu na 'yan makaranta. Mahaifiyarta ta riƙa rubuta abin da yarinya ta ci da lokacin, da abin da aka shafa mata, da lokacin da ƙaiƙayi ko amai ya tashi, a kuma ɗauki hoton wurin da waya a hasken rana. Da wannan littafin na mako biyu za ku je wa likita a asibitin gwamnati da ke Daura, shi zai ce ko akwai buƙatar tafiya.

Tambaya: Jikata za ta cika wata shida, tana da irin wannan fata mai saurin ƙuraje. Uwarta tana tsoron kunun gyaɗa da ƙwai, ta ce sai ta shekara biyu, abincin kwali na kanti kawai za ta saya mata. Ni kuwa da kunun gyaɗa na raini 'ya'yana. Wa ya fi gaskiya? (Daga wata kaka, Rafin Daɗi, Katsina)

Amsa: Hajiya, a wannan karon ilimi ya fi karkata gare ki, amma da sharaɗi. A da likitocin Ingila da Amurka suna cewa a jinkirta gyaɗa, sai wani babban bincike da aka yi a Landan, wanda aka wallafa a 2015, ya juya maganar. An bi jarirai 640 masu tsananin ciwon fata ko borin ƙwai, aka fara ba rabinsu gyaɗa tun suna tsakanin wata 4 da 11, aka hana sauran. Da suka kai shekara biyar, kimanin kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu da borin gyaɗa, a waɗanda aka ba kuwa kashi 3 ne kacal. Jinkirin da uwar ke ganin kariya ce yana iya zama shi ne hatsarin. Sharaɗin shi ne, idan ciwon fatar ya yi tsanani ko ya fara tun watannin farko, a ga likita kafin cokalin farko.

Hanyar farawa mai sauƙi ce. A fara da koko ko kunun gero na 'yan kwanaki, sannan a shigo da sabon abu ɗaya, da safe, ranar da yarinya take lafiya: ɗan lakaton markaɗaɗɗiyar gyaɗa a cikin kunu, a jira minti goma, a ƙara kaɗan, a sa mata ido na awa biyu. Bayan kwana uku sai a gwada ƙwai da ya dahu sosai, daga baya kifi, awara, alkama da riɗi, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta karɓa a ci gaba da ba ta shi a kai a kai. Gyaɗa ƙwaya ba ta ƙaramin yaro ba ce saboda shaƙewa, zuma kuma sai ta shekara. Ɗan jan da ke fitowa a gefen baki bayan tumatir ko lemo yawanci tsamin abincin ne ya taɓa fata, kuma shafa basilin a wurin kafin ci yakan hana shi.

Borin gaggawa yakan zo cikin mintuna zuwa awa biyu: ruɗu-ruɗu a jiki, kumburin leɓe ko ido, amai nan take. Idan aka ga haka a daina ba da abincin, a je asibiti, kada a sake gwadawa a gida. Idan kuma numfashi ya fara sarƙewa, ko murya ta dushe, ko harshe ya kumbura, ko jiki ya saki, a ruga da ita asibiti mafi kusa a take, domin allurar adiranalin ce maganinsa, ba ruwan maganin ƙaiƙayi na kemis ba.

Abincin kwali bai fi kunun gida tsira daga zargi ba, tunda yawancinsa akwai madara da alkama ko waken soya a ciki, kuma cakuɗa da yawa tana hana a gane wanda ya yi ɓarna. Wanda zai saya ya karanta jerin abin da aka haɗa, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Tsoron abinci kuma kada ya kai ga bar wa yarinya koko tsura, domin tamowa ta fi ƙuraje kisa a jiharmu, har ƙungiyar likitoci ta MSF take gudanar da cibiyoyin jinyarta a Katsina, kuma shi kansa abincin leda da ake ba masu tamowa da gyaɗa da garin madara ake yin sa. Idan za ki sayi gyaɗar kunun, Hajiya, ki zaɓi busasshiya mai tsabta, ki tsince duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse ko take ɗaci ki zubar, saboda dafin aflatoksin da ke lahanta hanta, wanda suya da dafuwa ba sa kawar da shi. Idan kuma aka tabbatar da borin gyaɗa, a tuna cewa tana ɓoye a cikin ƙuli-ƙuli da yajin tsire da kilishi da man gyaɗa na gida, har da garin kunun yara da ake haɗawa da gero da waken soya.