Amsar Tambayar Malam Kan MKUltra da Na'urar Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum jama'a. Ina so in amsa tambayar da malaminmu ya jefo jiya, cewa ɗalibansa sun dage wai Amurka ta daɗe tana juya tunanin mutane a ɓoye, kuma na'urar da kamfanin Neuralink ke dasawa a ka ita ce ci gaban wannan aiki.

Malam, yaran nan suna da ƙamshin gaskiya a rabin maganarsu. A 1953 hukumar leƙen asiri ta CIA, ƙarƙashin Allen Dulles, ta buɗe shirin MKUltra, wanda masanin sinadarai Sidney Gottlieb ya jagoranta, kuma an riƙa ɗura wa mutane ƙwayar LSD mai gusar da hankali ba da saninsu ba. A ƙarƙashin wannan shiri, a birnin Montreal na Kanada, likita Ewen Cameron yakan sa marasa lafiya barcin makonni da magani, ya jona musu lantarki a ka, sannan a yi ta kunna musu murya ɗaya a kunne dare da rana, har wasu suka fito ba sa gane iyalansu. A 1973 shugaban hukumar, Richard Helms, ya ba da umarni a lalata takardun shirin, sai dai a 1977 aka tono shafuka kusan 20,000 da suka tsira saboda an ajiye su cikin takardun kuɗi. Daga nan aka gane cewa jami'o'i da kwalejoji 44 sun karɓi kuɗin shirin, kuma da yawa daga masu binciken ba su san daga ina yake fitowa ba. Wannan ɓangaren, a ganina, shi ya fi dacewa malami ya tsaya a kai cikin aji.

Amma abin da aka ɓoye zalunci ne da gazawa, domin sun lalata ƙwaƙwalen bayin Allah ba tare da sun iya cusa musu tunani ko ɗaya ba.

Na'urar Neuralink kuwa wani abu ne daban. A Janairun 2024 aka dasa wa Noland Arbaugh, wanda jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, wasu zaruruwa siraran gaske a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsi, suna ɗaukar siginar lantarki idan ya yi niyyar motsa hannu, kwamfuta kuma ta mayar da ita motsin alamar da ke kan allo. Da haka yake buga dara irin ta Turawa. Na'urar sauraro take yi, ba ta ba da umarni, kuma makonni kaɗan bayan aikin wasu zaruruwan suka zame.

Tambayar da ta kamaci ɗalibanka, Malam, ita ce wa zai mallaki bayanan da irin wannan na'ura ke tarawa. Ƙasar Chile ta riga ta gyara tsarin mulkinta a 2021 domin kare bayanan ƙwaƙwalwar 'yan ƙasarta. Wassalam.