Kafin a sayar da filin: amsa ga ɗan ƙanwata a kan kwalejin al'umma ta Bronx

Ɗana, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da mahaifiyarka da ƙannenka baki ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma na ga gara in amsa maka a fili, don ba kai kaɗai ke yi mini wannan tambaya ba. Ka ce ka gama sakandare, WAEC ta yi kyau, wani ya gaya maka akwai wasu makarantu a nan Amurka da ake kira kwalejin al'umma, masu araha, masu ɗaukar kowa, shekara biyu an gama. Kana so ka san ko makarantun kirki ne ko na je-ka-na-yi-ka, kuma ko ya dace a sayar da filin da marigayi mahaifinku ya bari a turo ka.

Makarantun kirki ne, na gwamnati, kuma takardarsu karɓaɓɓiya ce. Wannan ka sa a ranka. Amma wanda ya ba ka labari ya tsallake abu guda: su wa aka gina wa makarantun? Amsar tana cikin tarihinsu. Zan ba ka labarin wadda na fi sani, ta nan yankinmu, Bronx Community College, ɗaya daga cikin irin waɗannan kwalejoji bakwai da ke ƙarƙashin jami'ar birnin Niyok, wato CUNY.

Irin wannan makaranta ta daɗe a ƙasar nan. Wadda ake ɗauka ta farko ta gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, a 1901. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1947, wani kwamiti da shugaba Truman ya kafa ya ba da shawarar a yawaita su, a kai karatun gaba da sakandare kusa da gidajen talakawa. Mutanen Bronx sun yi shekaru suna neman tasu kafin a kafa ta a 1957. An fara darasi a watan Fabrairu 1959 da ɗalibai 125 kacal, a wani tsohon ginin makarantar sakandare, kuma shugabanta na farko, Morris Meister, shi ne mutumin da ya fara shugabantar sanannen sakandaren kimiyya na Bronx. Tun daga ranar farko manufar ita ce ɗan direba da 'yar mai shara su samu inda za su yi karatu ba tare da sun bar gidan iyayensu ba.

A 1970 CUNY ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya gama sakandare a birnin. Ɗalibai suka yi ambaliya, wuri ya yi kaɗan. A daidai lokacin jami'ar NYU, wadda ta masu kuɗi ce, ta shiga matsin tattalin arziki, ta sayar da harabarta da ke kan tudun University Heights, kwalejin ta koma can a 1973. Shi ya sa idan ka hau jirgin ƙasa mai lamba 4 ka sauka a Burnside, ka taka tudun zuwa titin University, abin da za ka tarar ba zai yi maka kama da makarantar talakawa ba. Akwai ɗakin karatu na Gould mai ƙatuwar ƙubba, wanda mai zanen gine-gine Stanford White ya zana. A bayansa akwai doguwar baranda mai ginshiƙai da ke kallon kogin Harlem, an jera mutum-mutumin tagulla na fitattun Amurkawa, daga kai zuwa ƙirji. Cikinsu akwai George Washington Carver, baƙar fatar da aka haifa cikin bauta ya zama masanin noman gyaɗa. Ba na wuce shi ban tuna dalar gyaɗar Kano ba. A 2012 gwamnatin tarayya ta sa wannan sashe na harabar cikin wuraren tarihin ƙasa. To a gindin waɗannan ginshiƙai za ka ga mace da hijabi ta buɗe littafin kimiyyar jikin ɗan Adam tana haddace sunayen ƙasusuwa, kayan aikin kula da tsofaffi na jikinta, don daga aikin dare ta taho. Irinta ne ɗaliban wurin.

A farkon shekarun 1970 ɗan birni ba ya biyan kuɗin karatu. A 1976, da birnin ya kusa tsiyacewa, aka sa kuɗi, kuma ba a cire ba. Shekara guda bayan haka Roscoe Brown ya zama shugaban kwalejin, ya riƙe ta har 1993. Yana cikin matuƙan jirgin yaƙi baƙaƙen fata na Tuskegee. Na kawo shi ne don ka san irin mutanen da suka ɗauki makarantar da muhimmanci.

Yanzu ga karatun kansa, kuma a nan nake so ka nutsu, don a nan yaranmu da yawa ke ɓata shekara. Takardar da ake bayarwa ana samun ta ne bayan kiredit 60 (ma'aunin nauyin darussan da ka ci) ko sama da haka kaɗan, wato zango huɗu ga wanda ya duƙufa. Iri uku ce: AA, AS da AAS. Biyun farko rabin digiri ne. Ka gama, ka ɗauki kiredit ɗinka ka wuce wata babbar kwalejin CUNY, kamar Lehman da ke nan Bronx, ko City College da ke Harlem, ko Hunter, ko Baruch, ka ƙara shekara biyu ka fito da cikakken digiri mai sunan waccan makaranta. Wanda ya gama AA ko AS a CUNY an ba shi tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin manyan kwalejojinta, ko da ba wadda ya fi so ba, kuma tun 2013 akwai tsarin Pathways da ya sa darussan bai-ɗaya da ka ci a wannan kwaleji ba za a sa ka maimaita su a waccan ba. Kimiyyar kwamfuta, share fagen injiniya, lissafi, harkar kasuwanci, duk ta nan suke bi. Mai son aikin shari'a da binciken laifi ma akwai hanyar da ke kai shi John Jay kai tsaye.

Ita kuwa AAS ta sana'a ce, an tsara ta don ka gama ka kama aiki. Nan ne ake da aikin jinya, ɗaukar hoton ƙashi, gwajin jini da sauran aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, tsaron intanet, taimakon lauya, har da gyaran mota na zamani, inda ake koya maka karanta cutar mota da kwamfuta kafin ka taɓa sifana. Akwai ma kwas na kula da tsirrai da ake yi tare da babban lambun tsirrai na Niyok. Kwasa-kwasai ne masu ciyar da gida. Sai dai idan daga baya ka ce digiri kake so, ba lallai duk kiredit ɗin AAS su shiga lissafin sabon kwas ɗinka ba. Ka san inda za ka tun kafin ka cika fom.

Ka ce aikin jinya kake sha'awa. Madalla, aiki ne mai albarka. Amma shiga kwalejin daban, shiga sashen jinya daban. Ƙofar farko a buɗe take, ta biyu ƙarama ce. Sai ka fara cin darussan share fage da maki mai kyau, ka yi gasa da ɗaruruwan mutane a kan gurabe kaɗan, sa'annan a ƙarshe ka zauna jarrabawar lasisi ta NCLEX kafin a kira ka nas. Wanda ya ce maka shekara biyu cif, bai lissafa da share fagen ba.

Akwai wani shiri da ake kira ASAP, wanda CUNY ta fara a 2007. Ana ba ɗalibi katin jirgi da bas, ana taimaka masa da kuɗin littattafai, ana cike masa giɓin kuɗin makaranta, kuma ana haɗa shi da malami mai ba da shawara da zai riƙa ganinsa a kai a kai. Da cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shirin, ta gano kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ke ciki sun gama cikin shekara uku, alhali na waje kashi 22 ne kawai. Ka sake duba lamba ta biyun. Ba daƙiƙai ba ne waɗanda ba su gama ba. Haya ce, da aiki, da yara, da kuɗin mota suka cinye su. Akwai kuma shirin CLIP na koyon Turanci mai zurfi, wanda 'yan'uwanmu na Nijar da suka zo da Faransanci ke cin moriyarsa sosai.

To ga inda maganar take, ɗana. Duk wannan alheri an shirya shi ne don mazaunin birni. Mazaunin Niyok da ke karatu cikakken lokaci yana biyan dala 2,400 a zango, wato 4,800 a shekara, kuma idan yana da katin zama kuma ba shi da hali, tallafin Pell na gwamnatin tarayya da na jiha sukan ɗauke masa duka. Wannan ita ce arahar da ka ji labari. Kai da za ka zo da bizar ɗalibi ta F-1 ba ka cikin wannan layi. Kuɗinka dala 320 ne kowane kiredit. Kiredit 60 ya kama dala 19,200, ninki biyu na abin da ɗan birni zai biya, kuma ba ka da rabo a tallafin Pell. Ka duba shafin makarantar don ganin farashin ranar da kake karanta wannan, sa'annan ka buga shi da canjin dala na yau a Wapa.

Kuma kuɗin makaranta shi ne ƙaramin nauyin. Kwalejin ba ta da ɗakin kwanan ɗalibai, don an gina ta ne da tunanin kowa zai koma gida ya kwana. Hayar ɗaki guda a Bronx na shekara tana iya fin kuɗin karatun. Kafin su ba ka takardar I-20, wadda makaranta ke bayarwa don neman bizar ɗalibi, sai ka nuna shaidar banki cewa akwai kuɗin karatu da na ci da kwana na shekara guda. Sai dala 350 na rajistar SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje ta gwamnatin Amurka, da dala 185 na neman biza, waɗanda ba a mayarwa idan an hana ka. Dole ka ɗauki aƙalla kiredit 12 kowane zango. Aikin da doka ta yarje maka a farko na cikin harabar makaranta ne, awa 20 a mako, kuma irin wannan aiki ba ya isar masu nemansa. Na san za a ce maka "kai dai ka shigo, za ka samu abin yi a shago ko ka riƙa kai abinci a keke." Wallahi na ga yaran da suka bi wannan shawara. Zango ɗaya suka yi, kuɗi ya yanke, suka daina zuwa aji, takardarsu ta mutu, yau shekaru suna ɓuya, ba karatu, ba halin zuwa ganin uwa ko da ta kwanta ciwo. Ba na so in ga ɗan ƙanwata a wannan hali.

Ga kuma maganar biza. Tun daga 2025 gwamnatin Amurka ta ƙuntata biza ga 'yan Najeriya da 'yan Nijar, kuma abin ya shafi ɗalibai. Kada ka biya kowa ko sisin kwabo sai ka karanta da idonka abin da ofishin jakadancinsu ya rubuta a shafinsa. Neman gurbi a CUNY kai da kanka za ka yi a intanet, babu buƙatar dillali, kuma duk wanda ya ce yana da hanya a ofishin jakadanci, kuɗinka yake so.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka sani: takardar shekara biyu ba digiri ba ce. Idan ka koma gida da ita kaɗai, ba za ta kai ka bautar ƙasa ba. Saboda haka lissafinka na shekara huɗu ne, kuma kuɗin kiredit a manyan kwalejojin ya fi na wannan tsada. Filin ba zai kai ka rabin hanya ba, kuma ƙannenka ma suna da haƙƙi a cikinsa.

Idan da yaro ne da aka haifa a nan, ko wanda iyayensa suka yi masa takardun zama, kamar yaran mutanen zango na Ghana da muke sallah tare da iyayensu a masallatan Bronx, da da kaina zan kama hannunsa in kai shi ofishin ɗaukar ɗalibai gobe da safe. Ga irinsu ban san wata hanya da ta fi wannan sauƙi da tabbas ba. Kai kuwa, shawarata ita ce ka zauna JAMB bana, ka nemi jinya a Bayero ko ABU, ko makarantar koyon jinya ta jiha. Nas da ya gama a gida, ya yi aiki ya ƙware, yana iya zama jarrabawar NCLEX daga baya ya nemi lasisi a nan, kuma a lokacin da sana'a a hannunsa zai zo. Idan kuma zuciyarka ta tsaya a kan zuwa yanzu, to sai an samu wanda zai ɗauki nauyin shekara huɗu a rubuce, ba da baki ba, kuma sai ƙofar biza ta buɗe.

Ka turo mini hoton sakamakon WAEC ɗinka in gani da kyau, musamman lissafi da kimiyya. Ka gaya wa mahaifiyarka kada ta amsa wa mai sayen filin tukuna, zan kira ta ranar Juma'a bayan sallar isha'i ta can mu yi magana, kai ma ka kasance a kusa. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya jiƙan mahaifinku.

Kawunka, daga Bronx.